Allurar da Ta Gagari Auta

Ke ma da kina gidan, da kin kau da kai. Sau nawa kika ga hannu a kumbure kika ce targaɗe ne, kika ci gaba da harkarki?

Haka 'yan gidansu Auta suka yi. Kwana takwas ke nan da ta zame a matakalar shagon ɗinkinta, ta dafe ƙasa da hannun dama. Gindin babban yatsanta ya kumbura ya yi shuɗi, Gwaggo kuwa kullum sai ta shafa masa man zafi ta ja shi.

"Daure, amarya. Saura sati uku biki, kada ki jawo mana asibiti."

'Yar Gwaggo, wadda ta daɗe tana satar kallon angon, ta raɗa mata, "Ki ɓoye fa. Namiji ba ya son mace mai lahani."

Auta ta tura hannun cikin mayafi.

Da yamma angon, mai gyaran agogo a shagon da ke jikin nata, ya leƙo. Rana na ratso labule, ƙurar zare na yawo cikin hasken kamar garin zinariya, yadin rigar aurenta a shimfiɗe, rabi a yanke.

"Hasken idona, almakashin naki yaji ya yi? Kwana da kwanaki ban ji kukansa ba."

"Hutu yake..."

Ya ɗora allura a tafinsa. "Ɗauka."

Ta ɗauke ta da manuniya da ɗan tsakiya.

"Da babban yatsa, Auta."

Ta gwada. Zafi ya harba har gwiwar hannunta, allurar ta faɗi, hawaye ya bi bayanta.

"Za ka fasa auren?"

"Ni da nake wuni a kan agogon da ya tsaya? Tashi mu tafi."

A asibiti likitar ƙashi ta ɗaga hoton ƙashin hannun ga fitila. Auta ta ga hannunta fari fat, kamar rassan bishiya cikin mafarki.

"Karaya ce a gindin yatsa, ta shiga har cikin gaɓa, ƙashin ya goce. Da an ƙara jinkiri zai haɗe a karkace, almakashi kuma sai dai ki kalle shi. Za mu mayar da shi, mu kafe shi da siraran ƙarafa biyu, a sa filasta sati shida. Wa ke jan yatsan nan?"

Gwaggo, da ta biyo su tana faɗa, ta sunkuyar da kai. Can ta ce, "Amarya da filasta? Me mutane za su ce?"

"Su ce abin da suka ga dama, Gwaggo, hannun dai ya warke," in ji angon.

"Rigata fa?" Auta ta tambaya a hankali.

"Ke ki zana da hagu, ni in yanka."

Haka aka yi. Ranar biki hannun rigar na dama ya fi na hagu faɗi don filasta ta shige, bakin kuma a ɗan karkace. 'Yar Gwaggo ta taɓe baki. Auta ba ta ma gan ta ba.

Da aka cire filasta, ya sake ɗora allura a tafinsa.

Yatsan ya rame. Ya matso, ya matso... ya kama ta.

"Saura zare," ta ce, tana dariya da hawaye.

Yanzu ke. Akwai wadda kika sani tana ɓoye hannu cikin mayafi. Ɗaga mayafin ki duba, ki kai ta a ɗauki hoton ƙashin yau.