Hoton da Ba a Wanke Ba

Wanda ya koya wa mutumin nan wanke hoto, bai koya masa inda ake zubar da ruwan ba, shi ya cuce shi. Na faɗa, in yana da baki ya zo.

Mai hoton ba ya aiki da inji. Magani yake shafa wa takarda, ya kifa mata gilashin da hoton ke jiki, ya shanya a rana, ya wanke da ruwa, fuska ta fito shuɗiya. In ba a wanke ba, haske ya yi ta cin takardar har fuskar ta nutse. Tun rasuwar matarsa gilashin hotonta kaɗai yake bugawa. Ya wanke, ya duba, ya ce ba ita ba ce, ya yaga.

Rannan magariba ta kawo jiki, ya watsa ruwan wankin bayan ɗaki, ko bisimilla babu. Gidan ya yi tsit. Sai dutse ya faɗo kan rufi. Wani dutsen ya shigo ta taga, ya ratattake gilashin. Takardar hoton matar ɗaya ta rage a aljihun tebur, ta sha rana, ba a wanke ba.

'Yarsa ta miƙe daga tabarma, ta dube shi da idon da ba nata ba.

Da hantsi malami ya zo, ya yi ta karatu har yarinyar ta buɗe baki da muryar tsohuwa.

"Me aka yi miki?" in ji malam.

"Ɗana na wasa a bayan ɗaki, wannan ya sheƙa masa guba. Na binne shi. Fuskarsa ta ɓace mini, shi kuwa kullum yana wanke ta matarsa."

"Bai sani ba, baiwar Allah. Fita."

"Zan fita. Ya kai takardar nan rana, kada ruwa ya taɓa ta."

Malam ya ce ba a ciniki da su. Mai hoto ya dubi 'yarsa, leɓenta ya soma shuɗi. Ya jawo aljihun.

A tsakar gida ya shanya takardar, ya durƙusa yana kallo. Goshi ya tafi, murmushi ya bi. Idanun ne suka jima.

Can cikin ɗaki aka yi atishawa.

"Baba, ruwa."

Ruwan da ya tanada don wankin, shi ya zuba mata a kofi.

Kai mai cewa camfi ne, a ajiye maka takardar da yarinyar, ka dubi idona ka ce za ka wanke.