Reshen Magarya da Ɗaki Mai Taya

Mijina ne ya fara gaya mini an taɓa mutuwa a cikin ɗakin nan. Da dariya ya faɗa, ranar da ya jawo shi a bayan a-kori-kurarsa tun daga Empangeni har ƙofar gidanmu a Nongoma. Ɗaki ne mai taya biyu, fari, kumburarre, irin wanda ake ja a je bakin teku a kwana a ciki. Jikokina suka sa masa suna Ƙwai, sunan ya bi shi.

Mijina a tuƙin bas ya tsufa. Duk Disamba yana ganin Turawa suna wuce shi da irin waɗannan ɗakuna, sun nufi bakin ruwan da a lokacin baƙar fata ba ya takawa. Bai taɓa cewa komai ba. Yana ajiye aiki ya je ya sayo nasa.

"MaZungu, zo ki ƙwanƙwasa ki ji," in ji shi. "Ba ƙarfe ba ne, ba katako ba. Irin robar da ake ƙera kwalekwale ce. Gishirin teku bai san inda zai kama ta ba."

"To me ya sa matar da ta sayar maka ta rabu da shi?"

"Mijinta ne, wani tsohon manomi da ake kira Oom Gawie. Ya je kamun kifi, ya kwanta a gadon can, bai tashi ba."

Na ce, "Wato makara mai taga ka sayo mana."

"Haba MaZungu! Bature ne fa. Matattunsu ba sa yawo, tun da rai suka gama zagaye ƙasar."

Mun ji daɗin Ƙwai, ba zan ɓoye ba. Teburinsa in an kwantar ya zama gado. Akwai ɗan murhun gas da nake tuƙa tuwon masara a kai, shi kuwa yana can bakin ruwa a St Lucia da sandar kamun kifi, ya wuni ya dawo da labari maimakon kifi. Kafin mu tashi sai ya zagaya abinsa, ya taɓa tayoyi, ya girgiza ƙugiya, ya naɗe ƙafafun da ke riƙe kusurwoyi, ya shafa gefensa kamar saniya. Abu ɗaya ne ya ƙi fita: warin tabar lofe a cikin kabad ɗin da ke saman gado. Na wanke da sabulu, na wanke da lemon tsami, na haƙura. Wani lokaci da yamma kuma mukan ji ƙwas, ƙwas a jikin bango. Shi ya ce roba ce ke hucewa bayan ta sha rana.

A gadon nan mijina ma ya tafi, muna can St Lucia. Bayan abincin rana ne. Na ɗora ruwan shayi, ya tafasa, na juyo na ce, "Baba, ga shayi." Sai na tsaya riƙe da kofin har ya huce.

Ban yi kuka ba. Aka kwashe shi, aka yi jana'iza, aka rera waƙoƙin coci, aka yanka bijimi, mutane suka ci suka watse. Ina zaune a katifa cikin baƙaƙen kaya ina kallonsu kamar ta bayan gilashi. Ƙwai kuwa yana can inda muka bar shi, ba wanda ya tuna da shi.

Ƙanin mijina, Falakhe, shi ya zo bayan makonni, yana dogara sanda, don ciwon suga ya riga ya ci masa ƙafa.

"MaZungu, kina mafarkinsa?"

"A'a."

"Ina za ki yi? Gangar jiki kuka binne. Shi yana can bakin ruwa yana jira. 'Yan cocinku sun iya waƙa, amma ba su ɗauko kowa ba."

Ya miƙo mini reshen magaryar kura, wanda muke ɗauko matattu da shi daga inda suka faɗi. Ƙayarsa bibbiyu ce, ɗaya ta miƙe gaba, ɗaya ta lanƙwasa baya. Ya ce shi ya kamata ya je, amma ƙafar ba za ta kai shi ba.

"Ki shafa reshen inda ya kwanta. Ki kira shi da sunansa, ki ce ya taso. A hanya ki riƙa gaya masa duk inda kuka kai. Kada ki waiwaya, kada ki yi wa mai rai magana har ku shiga gida. In kika yar da reshen, nan zai zauna."

"Da sunansa?"

"Da sunansa. Na san ke 'yar da ce, amma yau ba ranar kunya ba ce."

Tun da aka kai ni gidan nan ban taɓa faɗin sunan mijina ba. Haka aka koya mana. A harshenmu ko kalmar "dawo" ba na furtawa, don tana cikin sunan. Sai in kewaya in ce "juyo".

'Yata Khethiwe, ma'aikaciyar jinya, ita ta tuƙa. Ba ta yarda da waɗannan abubuwa ba, ta dai ce ko ba komai a ɗauko Ƙwai kafin birai su mai da shi gidansu. Mun tarar taya ɗaya ta sace, neman mai ba ta iska ya cinye mana rana. Sai da inuwa ta yi tsawo na shiga ciki.

Kofin yana nan kan murhu. Bargon yana yadda ya ture shi. Na shafa reshen a kan gado, ƙaya tana kama zare. Na buɗe baki.

Sunan ya zo har haƙorana ya tsaya.

Da na ce Baban Khethiwe ma da sauƙi. Abin da na ce kawai shi ne, "Baba, taso mu tafi gida."

Katifar ta yi ƙara, irin ta wanda nauyi ya sauka daga kanta. Na ce a raina, ya ji. Ban ji daɗi ba, ban ji tsoro ba. Na fito, na ɗora reshen a kujera tsakanina da Khethiwe, muka kama hanya.

"Baba, ga mu kan gada."

"Baba, mun wuce gonakin rake."

A Mtubatuba hanya ta rabu. Ta hagu ta yi kudu, wajen Empangeni. Mu muka miƙe.

"Baba, mun miƙe, mun nufi Hlabisa."

Ƙwas. Ƙwas.

Daga bayanmu ƙarar ta zo. Khethiwe ta dubi madubi. "Ma, kin kulle ƙofar can kuwa?" Ta tuna ba zan amsa ba, ta ja tsaki.

Hanyar tana ratsa gandun daji. Ba gida, ba mai tafiya a ƙasa, sai kashin giwa a kan kwalta. Rana ta faɗa bayan tuddai, sararin ya yi ja, sannan ya yi toka. Motar ta fara nishi kamar an ƙara mata lodi.

Sai warin ya shigo. Tagogi a rufe suke. Tabar lofe, sabuwa, mai ɗumi, da ƙarnin kifin da ake sa wa ƙugiya.

Mijina bai taɓa shan taba ba.

"Ma," in ji Khethiwe ƙasa-ƙasa. "Labulen tagar gaba. An ɗaga shi."

Na kafa idona a kan hanya.

"Ma, akwai wuta a ciki. Ƙarama. Tana ja tana lafawa."

Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas. Yanzu na gane ƙarar. Lofe ne ake bugawa a bango don a zubar da toka. Duk shekarun nan ba roba ce ke hucewa ba.

Muka kama wani hawa mai tsawo, kwari a gefen dama. Khethiwe ta sauya giya. Motar ta yi kuka, ta rage, ta rage, ta tsaya.

Sannan ta fara komawa baya.

Khethiwe ta taka birki da ƙafa biyu. Ta ja na hannu. Tayoyi suna jan tsakuwa. Ƙwai yana jan mu, a hankali, ba gaggawa, kamar sa mai komawa garke.

Reshen ya motsa a kujera. Ƙayar da ta lanƙwasa ta kama zanena.

Aka yi tari, dab da kunnena. Muryar tsoho ce, da harshenmu, amma a karkace, yadda manoman Turawa ke yin sa.

"Mama. Wannan ba hanyar gida ba ce."

Khethiwe ta ƙwalla ƙara. Ita ma ta ji.

"Jefar da shi! Ma, jefar da reshen nan ta taga!"

Tayar baya ta sauka daga kwalta. Motar ta karkata.

Na ɗauki reshen. Hannuna yana kan abin sauke gilashi. Jifa ɗaya, mu tsira.

Na dubi dajin da ke gabana. Duhu, ƙaya, wata kura tana kuka can ƙasa cikin kwari. Na tuna mutanensa ba sa ɗauko nasu. Sun zo sun kwashe jikin, sun sayar da ɗakin da shi a ciki. Shekara da shekaru yana zaune a bakin gadon nan yana kallon wasu suna shan shayi, ba wanda ya ce masa taso. Ma'aikatan gonarsa duk Baba suke kiransa. Na shigo na ce Baba, na ce gida. Ina laifinsa?

Sai kuma na tuna nawa mijin. Shi mutum ne mai kawaici, ko a layin asibiti sai ya bar wani ya wuce. Ya ga baƙo ya riga shi tashi, ya koma ya zauna.

Ban waiwaya ba. Na ɗora reshen a cinyata.

"Oom Gawie," na ce. "Ba kai na kira ba. Kuskurena ne. Amma ba zan zubar da kai cikin kuraye ba."

Motar tana ta zamewa.

"Ka ji ni da kyau, ni ba yarinya ba ce. In ka jefa mu kwarin nan, mu uku za mu zauna a ciki, ba mai zuwa da reshe. Yau ka kwana a ƙofar gidana. Gobe in kai ka Empangeni, har bakin ƙofarku. Na faɗa."



Ƙwas. Sau ɗaya.

Motar ta yi tsalle gaba kamar an tsinke igiya. Khethiwe ta riƙe sitiyari tana haki, tana kiran Yesu, tana zagin Falakhe, duk a numfashi ɗaya. Ni na ci gaba da aikina.

"Oom, mun wuce Hlabisa."

"Oom, ga kogin Mona."

Warin taba ya bi mu har gida, amma ya yi laushi, kamar na tsohon da ya samu wurin zama a bas. Ban shigar da shi cikin gida ba, kakannin gidan ba su san shi ba. Na mayar da reshen kan gadon Ƙwai a wajen shinge, na ajiye masa shayi mai suga da yawa a bakin ƙofa. Tun daga ranar Khethiwe ba ta ƙara cewa camfin tsofaffi ba, kuma har yau ba ta duba madubi in tana tuƙi da magariba.

Na kwanta ban yi barci ba. Ba tsoro ya hana ni ba. Ina ta ganin mutum zaune a kan yashi inda Ƙwai ya tashi, ba ɗaki, ba bargo, yana kallon sawun taya.

Gari na wayewa na ɗauki adda na gangara bayan garke, inda magaryar kura take. Na sari sabon reshe. Ƙaya ta shige mini yatsa, jini ya fito, na ji zafinsa. Rabona da jin zafin wani abu tun ranar shayin nan.

Na tsaya a wurin, ba kowa sai shanu. Na ce gara in gwada tun a gida, kada bakin ya sake cin amanata.

"Mbuyiseni."

Ya fito a shaƙe, kamar ƙofar da ta daɗe a rufe. Ma'anarsa a harshenmu, ku dawo da shi. Uwarsa ta san abin da ta sa.

Na sake faɗa, da ƙarfi. A na uku muryata ta karye, ruwan da ya ƙi zuwa a jana'iza ya zo.

Khethiwe tana bayana da bargo a kafaɗa, ban san ta fito ba.

"Ashe kin san sunan, Ma," in ji ta, tana share nata idon. "Na ɗauka Baba aka raɗa masa."

"Rufe mini baki. Je ki duba ƙugiya da tayoyi, yadda ubanki ke yi." Na goge fuska da gefen zane. "Tsofaffi biyu ke jiranmu. Ɗaya za mu sauke, ɗaya za mu ɗauko."