Koren Zare a Wuyan Kwat

Keken ɗinki yana ta kuka a tsakar gida, ƙyallaye sun cika tabarma, Inna kuwa tana gefe ta juya wa kowa ƙeya.

"Wata shida!" in ji ta. "Mace da aurenta ta haye jirgi ta bar miji wata shida, wai musayar ɗalibai! To, wa za su ba mu a madadinta?"

Tela, ɗanta kuma mijin da ake magana, ya ɗaga ƙafa daga kan keke. "Inna, karatu ne fa. Cikin mutum ɗari uku ita kaɗai aka zaɓa."

"Idonta zai buɗe dai," in ji Yaya Babba, yayarsa, wadda ba a rasa ta duk inda ake hura wuta. "Ranar da ta dawo, ƙarar kekenka ma ciwon kai za ta riƙa sa mata. Ka rubuta ka ajiye!"

Amarya tana ɗaki tana jin su, hawaye na ɗiga kan kayan da take ninkewa. Shekara biyu da bikinsu, amma sunan ya bi ta. Harhaɗa magunguna take karantawa a jami'a, kuma mijin nan nata ne ya tsaya mata tun ranar farko.

Inna ta ɗaga murya don a ji har ɗaki. "Ni ban hana ba. Amma duk ranar da na ga alamar ta raina mini ɗa, to, ba da yawuna za ta sake zama a gidan nan ba!"

Abin da Tela yake ɗinkawa kuwa kwat ne na tafiyar. Bawan Allah bai taɓa ganin dusar ƙanƙara ba, ya dai ji labarin sanyin can yana kakkarya kunne. Don haka ya haɗa bargo, ya bi shi da auduga, ya rufe da wani yadi mai kauri ruwan toka, tsawonsa har idon sawu. In aka ajiye kwat ɗin a ƙasa da kansa yake tsayawa. Da ya zo wuya kuwa, keke ya ce bai san zancen ba, allura huɗu suka karye. Dā Inna ce gwanar irin wannan, don ita ta koya masa riƙon allura, kuma ba ta da zare sai kore, ko farar riga ta samu da shi take yi mata faci. Amma shekara uku ke nan ciwon gaɓoɓi ya lanƙwashe mata yatsu ta ajiye ɗinki.

Ranar tafiya dai kwat ya kammala. Amarya ta durƙusa ta yi sallama, Inna ta ce "To" ba tare da ta ɗago ba.

Ƙasar da ta sauka ta ba ta mamaki tun daga filin jirgi. Ta kai hannu za ta murɗa famfo, ruwa ya zubo da kansa, ta yi tsalle ta ja da baya. Bas ta zo daidai mintin da aka rubuta a allo, ko jiran mai gudu ba ta yi ba. A hostal, masaukin ɗalibai, aka miƙa mata kati a maimakon makulli. Cikin lif ta gaida wani dattijo, ta tambaye shi gida da iyali da gajiya, mutumin ya dube ta ya dubi agogonsa. Ɗakin ƙarami ne tsaf, gado biyu, tebur biyu, da wani ƙarfe mai ɗumi a ƙarƙashin taga. Shirun wurin har kunne yake toshewa, sai ta ji tana kewar ƙarar keke.

Abokiyar ɗakinta wata ce mai shuɗin gashi, ba ta da mugunta, sai dai bakinta ba birki. Tana ganin kwat ta fashe da dariya. "Sori, amma da katifarki kika taho?"

A zauren lakca ma haka, kujera ɗaya ba ta ishe su ita da kwat ɗinta ba, ana ta waiwaye. Kunya ta rufe ta. Kwana uku da zuwa ta cusa shi ƙarƙashin gado, ta sayo wata 'yar jaket ja mai sheƙi, shara-shara. Ta tsaya bakin laburare, dusar ƙanƙara na sauka a kafaɗarta, ta ɗauki selfi ta tura gurup ɗin 'yan gida na waya ba tare da ta yi tunani ba.

Ko minti biyar ba a yi ba saƙon muryar Yaya Babba ya shigo. "Ayyiriri! Ina kwat ɗin ƙanena? Kwana uku kacal! Inna, zo ki ga abin da na faɗa!"

Tela kuwa kalma huɗu ya rubuta: "Ta yi miki kyau." Wannan ta fi zagin Yaya Babba yi mata ciwo. Ta kira, ya ɗauka yana ta ƙoƙarin dariya, amma muryarsa ta tona shi. A bayansa ta jiyo Inna tana cewa, "Ka ce mata ta yi zamanta can."

'Yar jaket kuwa ado ce kawai. Kafin mako ya zagayo mura da zazzaɓi suka kwantar da Amarya. Da hantsi mai kula da hostal ɗin, wata tsohuwa mai gilashi da ta yi shekara talatin a masana'antar ɗinki, ta kawo mata shayi. Ƙafarta ta taɓa wani abu a ƙarƙashin gado, ta sunkuya ta jawo shi.

"Kina da wannan kike yawo da waccan ledar?" Ta juya kwat ɗin ciki-waje tana bin ɗinkin da yatsa. "Hannu biyu ne suka yi aikin nan. Jikin na keke ne, mai shi ya iya. Amma wuyan nan keke ba zai ci shi ba, da hannu aka bi shi. Dubi, nan ɗinkin ya matse, nan ya saki. Mai shi tana yi tana hutawa, yatsunta na ciwo. Ba kwana ɗaya ta yi ba."

Amarya ta karɓa ta ɗaga ninkin wuyan. Koren zare! Daga wannan kafaɗa har waccan, layi uku.

Ta rungume kwat ɗin ta fashe da kuka, har tsohuwar ta tsorata. Tana share hawaye ta saka shi, ta ɓalla maɓallai har sama, ta jingina waya a kan tebur ta kira bidiyo.

"Don Allah ka kai wa Inna," ta ce da Tela.

Fuskar Inna ta bayyana a ɗaure. Amarya ta zube a kan gwiwoyinta, kwat ɗin ya tsaya ƙiƙam a kewayenta.

"Inna, na gani. Na ga zaren. Na yi wauta, kunyar mutanen da ba su san ni ba ta sa na wulaƙanta hannunki da nasa. Ki yafe mini — na gode, Inna, na gode!"

Inna ta harari Tela. "Kai ka faɗa mata?"

"Wallahi ban faɗa ba! Ai rantsar da ni kika yi."

Inna ta murza yatsunta. "Kwana huɗu na yi a kansa," ta ce a hankali, "duk lokacin da kika tafi jami'a. Na ce tunda ta ƙi ji sai ta tafi, to, kada sanyi ya shigar mini wuyan 'ya." Sai muryarta ta karye, ta yi maza ta mayar da ita faɗa. "Wannan wane irin tari ne? Tashi daga ƙasa! Ki yi karatunki ki dawo ɗakinki, Allah ya yi miki albarka."

Daga can baya Yaya Babba ta ce, "Ni dama na san —"

"Ke rufe mana baki!" in ji Inna. Tela ya yi dariyar da ya yi mako bai yi ba.

Sauran watannin a cikin kwat ɗin Amarya ta yi su. Duk wanda ya tambaya, sai ta buɗe masa wuyan ta ce, "Mijina da uwarsa suka ɗinka." Har mai shuɗin gashi sai da ta are shi ranar da sanyi ya kai maƙura. Da ta dawo gida da sakamako mai kyau, Inna ce ta fara tarar ta a ƙofa, abin da ta fara dubawa kuwa shi ne ko ɗinkinta ya saki.

'Yan mata da samari, kada sheƙin sabon wuri ya sa ku ji kunyar abin da hannun gida ya yi muku. Wani mai faɗan, ƙauna ce bai iya furtawa ba, sai mai haƙuri da saurin neman afuwa yake gano ta. Ɗinkin Inna dai bai saki ba, ko zare ɗaya.