Inda Dogo Ya Rubuta Gida

Ranar da Dogo ya shigo kantin wayoyin, rana ta riga ta gama da shi. Rigar kamfanin kai saƙo ta manne masa a baya saboda gumi, idanunsa sun yi ja, ya jingina da kantar shagon kamar katifa ya zo saye. Auta kuwa tun safe take tsaye a bayan gilashi, tana yi wa mutanen da ba saye ya kawo su ba murmushi. Ta ɗago ta ba shi ɗan ragowar da ya saura mata.

"Sannu Malam. Wace iri kake nema?"

Ya ajiye tsohuwar wayarsa mai tsagaggiyar fuska a gabanta.

"Wadda ta san hanya. Wannan ta ishe ni. Ɗazu ta ce mini na iso, ina dubawa sai na gan ni a tsakiyar gada. Jiya ta yi ta zagaye da ni har mai kayan ya fasa. Oga ya ce in na sake makara in ajiye masa makulli."

Manajan kantin, wanda ba ya barin ciniki ya wuce shi, ya taso da ƙamshin turarensa ya miƙo wata mai kyamarori reras a baya. Ya yaba hotonta, ya yaba launinta, sannan aka kira shi a waya ya koma ciki. Auta ta bi bayansa da kallo, ta rage murya.

"Hoto kake ɗauka ko tuƙi kake yi?"

"Tuƙi, ranki ya daɗe. Fuskar nan tawa wa zai ɗauka?"

Ta zaro wata daga ƙasan gilashin, ba ta da wani kyan gani, ta haɗa da ta Manaja ta ce ya biyo ta bakin ƙofa. A nan cikin rana ta buɗe taswira a duka biyun. Shuɗin ɗigon da ke nuna inda mutum yake ya yi tsalle a ta Manaja ya tsallaka titi, ya dawo, ya sake tsallakawa. A ɗayar kuwa ya zauna daram a ƙofar kantin, in ta juya ya juya.

"Ka gani? Wannan GPS ɗinta ba ya rawa ko a tsakanin dogayen gine-gine. Fuskarta kana gani a rana ba sai ka kare da hannu ba. Ba ta zafi in ta wuni a jikin gilashin mota, batirinta kuma zai kai ka yamma. Bari in sauke maka taswirar garin gaba ɗaya, ko netwok ya ɗauke ba za ta yar da kai ba."

Dogo ya ce to. Amma ba wayar yake kallo ba, yadda take ɗaga ƙafa ɗaya ta huta kan ɗayar ya lura da shi.

"Ke ma kin gaji."

Ta ɗago ta dube shi. Tun da ta fara aikin nan babu kwastoman da ya taɓa gaya mata haka.

"Ƙafafun nan tun azahar ba nawa ba ne," ta ce, kuma karon farko a ranar ta yi dariyar gaske.

Ya sayi wayar. Ta sa masa lambarta, wai ko za ta ba shi matsala. Wayar ba ta taɓa ba shi matsala ba, amma washegari saƙo ya shigo.

"Malama, wayarki ta kai ni ko'ina yau ban ɓata ba. Matsala ɗaya ce, duk inda na nufa sai in ga hanyar ta bi ta gaban kantinku."

Ta amsa tana ɓoye wayar a ƙarƙashin kantar shagon: "Wannan ba laifin waya ba ne, laifin direba ne. Ba ma karɓar irin wannan gyaran."

Soyayyarsu ta gajiyayyu ce, ba ta da yawo ba ta da kwalliya. Ya kunna mata abin nan da ke nuna wa mutum inda wani yake a taswira, sai ta riƙa leƙa ɗigonsa tsakanin kwastoma da kwastoma. In ta ga ya daɗe bai motsa ba ta san cunkoso ne, ta rubuta: "Sannu Direbana, ka sha ruwa." In ta tashi aiki ya ɗauke ta, wani lokaci kafin su kai kwanar layinsu barci ya sace ta, shi kuma ya rage gudu don kada rami ya tashe ta. Alƙiblata yake kiranta, ita kuma ta ce sunan ya yi mata nauyi, amma ba ta taɓa hana shi ba.

Da magana ta yi ƙarfi, Abbanta ya ce ya zo ya gan shi.

Abba tsohon direban babbar mota ne, tuƙi ya cinye masa baya har sai da matashi a ƙugu yake iya zama. Ya karɓi Dogo da mutunci, ya tambayi iyayensa, ya tambayi aikinsa. Da ya ji aikin sai fuskarsa ta canja.

"Yaro, ban ga aibunka ba. Amma ni na san sitiyari. Direba ba shi da gida, wurin ajiye kaya kawai gare shi. Tambayi uwarta sau nawa ta yi jinyar yara ita kaɗai ina can wata uwa duniya. Auta ce ta rage mini, ba zan ba ta rayuwar da na ba uwarta ba."

"Baba, ni cikin gari nake yi, kullum ina kwana a ɗakina."

"Haka kowa yake farawa. Ka yi mini alkawari za ka nisanci ƙofar nan, kada ka sa ta a wahala."

Dogo ya sunkuyar da kai ya yi alkawarin, don bai iya musu da babba ba. Ya yi sallama ya fita.

Manaja kamar jira yake. Ya fara aiko da gaisuwa gidan, ya aiko wa Abba kujera mai taushin baya, ya rage wa Auta tsayuwa a kanti. Mutum ne mai ofis da fanka, kullum yana gida kafin magariba, kuma Abba bai ɓoye cewa hakan ya kwanta masa ba. Umma dai sai kallon 'yarta da take yi tana ramewa.

Abin da ya fi yi wa Auta ciwo shi ne ɗigon. Ranar da Dogo ya yi wa Abba alkawarin, da yamma ta buɗe taswira ta tarar ya ɓace. Ta rufe ta buɗe, ta kashe wayar ta kunna, ita da take koya wa mutane waya. Babu shi. Ta rubuta masa:

"Ko inda kake ma ba ka so in sani? Ashe da sauƙi haka."

Sai can ya amsa: "Na yi wa Baba alkawari. In kina ganina kullum ba za ki huta ba, ni ma haka. Ki yafe mini."

Ta karanta, ta ga kamar sallama ce aka naɗe mata cikin ladabi. Manaja ya ƙara mata gishiri, ya ce ai direbobi haka suke, kowace unguwa da tasu. Ba ta yarda ba, amma ta gaji da rashin yardar, ta gaji da kuka a banɗakin kanti, ta gaji da amsa wa Umma cewa ba komai. Da Abba ya ce mutanen Manaja za su zo ƙarshen mako, ta ce Allah ya kai mu, ta shige ɗaki.

Dogo kuwa aiki ya faɗa wa kamar mai jin haushin jikinsa. Duk odar da direbobi suka ƙi, shi zai karɓa, don in ya tsaya tunani yake yi. Ana gobe baƙin za su zo aka tura shi wata sabuwar unguwa a can bayan gari, inda titunan ko suna ba a sa musu ba. Tun asuba yake hawa bene da kwalaye. Da ya sauke na ƙarshe bayan la'asar, bai ma san ta ina ya shigo ba. Ya danna wurin da aka rubuta Gida a taswirar, ya bi muryar matar nan ta cikin waya, ta ce dama ya yi dama, ta ce hagu ya yi hagu, kansa babu komai. Da ta ce ya iso, ya ja birki, ya ce bari ya ɗan kifa kai a sitiyari kafin ya fita.

Abba na dawowa daga masallaci ya ga motar kamfani a ƙofarsa, inji na aiki. Ransa ya ɓaci, ya ƙarasa da sandarsa da niyyar faɗa. Sai ya tarar da yaron yana barci baki buɗe, goshi a kan sitiyari, hannu ɗaya ya saki ya faɗo gefe. Abba ya san wannan barcin, ya yi irinsa a bakin hanyoyi da yawa. Ya zura hannu ta taga ya murɗa makullin. Idonsa ya faɗa kan wayar da ke manne a gilashi: ga layinsa, ga ƙofarsa, ga kalma ɗaya a samanta.

Shirun injin ne ya tashi Dogo. Ya ga Abba, ya ga ƙofar, ya fito a rikice har yana buge kai.

"Baba, wallahi ban saɓa da gangan ba. Ɗakina na nufa. Ku yi haƙuri, yanzu zan tafi."

"Tsaya. Wa ya rubuta wannan?"

Dogo ya dubi wayar, sai a lokacin ya gane. Kunya ta rufe shi.

"Ni ne, Baba. Tun ranar da na fara kawo ta. Wayar ta tambaye ni ina ne gida, ni kuma ɗakina ban taɓa jin ya kai a kira shi haka ba. Na manta ban goge ba. Hanyar ɗakin na sani da ka, ban taɓa buƙatar dannawa ba sai yau."

Abba ya daɗe yana kallonsa. Auta ta riga ta leƙo daga bakin ƙofa, Umma na bayanta.

"Ka ci abinci yau?"

"A'a, Baba."

"Kuma a haka ka tuƙo daga bayan gari, ido a rufe, mace na ba ka umarni a waya. Kai ko hankali?" Faɗa yake, amma muryarsa ta yi laushi. "Mu a zamaninmu in gajiya ta kama mutum, tasha ƙafarsa take kai shi. Ban taɓa ganin direban da ya ɓata hanya ya faɗo gida ba."

Ya juya ya dubi 'yarsa, wadda hawaye ya riga ya wanke mata fuska.

"Ke kika sayar masa da wayar nan?"

"Ni ce, Abba."

"To ai kin cuce ni." Ya gyara riƙon sandarsa. "Ki kawo masa ruwa da abin da ya samu. Kai kuma ba ni makullin, ba za ka ƙara taɓa motar nan ba sai ka yi barci. Gobe ni zan ba wa mutanen Manaja haƙuri da bakina. Jibi ka turo manyanka."

Auta ta kawo ruwan. Ta durƙusa ta ajiye, ta ce ƙasa ƙasa, "Ka kunna mini ɗigona."

"Alƙiblata, bari in sha ruwan tukuna."

"Yanzu."

Ya kunna.

Abba ya sa sharaɗinsa a gaban manya: babu tafiyar kwana, babu tuƙi da barci a ido. Dogo ya karɓa, Oga ma da aka je masa ya yarda ya bar shi a cikin gari. Manaja ya yi fushin kwana biyu, ya mayar wa Auta da tsayuwarta, ita kuwa ko a jikinta.

An ɗaura aure cikin sauƙi, 'yan uwa da abokan aiki, motocin kamfani sun cika layin. Da aka zo tafiya da amarya ɗan gidan da suka kama, Abba ya riƙe hannun Dogo ya daɗe bai saki ba.

"Ga ta nan. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya, ya tsare ka a hanya ya riƙa dawo mata da kai kullum." Ya share ido da bakin hannun riga, ya ɗaure fuska. "Kuma ka gyara abin nan na wayarka. Na gaji, ba zan ƙara fitowa in kashe wa wani mota ba."

Aka yi dariya, Umma na dariya tana kuka. A cikin mota Auta ta karɓi wayar daga hannunsa ta riƙe har suka isa. Da suka tsaya a sabuwar ƙofar, ta jira ɗigon ya zauna, sannan ta rubuta Gida da hannunta.

Allah ya bar su tare, ya hutar da gajiyarsu.