Ko Zaure Ko 'Yar Malam

Da ƙwaryar nono a hannu Hammadu ya fara ganin Saudatu, kuma maganar farko da ta yi masa ta kora ce.

A zamanin daular Sakkwato ne, lokacin da Illela ba ta wuce ƙaramin gari a kan hanyar Ƙonni ba. Hammadu ɗan makiyaya ne daga wajen Tozai, ya yi karatu mai zurfi, ya ji ana neman malami a makarantar ilimi ta garin, ya taho. Ya yi sallama a ƙofar gidan shugaban makarantar, Malam Abdulƙadir, sai ga 'yarsa budurwa ta leƙo da tawada a yatsunta.

"Malam na nan? Ga ɗan nono na kawo mai."

"Gwaji kaz zo?"

"I."

"To koma da abinka. Sabuwar doka ta hana mai neman aiki shi kawo ma Malam komi."

Hammadu ya dubi ƙwarya, ya dubi rana. "Kahin in kai Tozai ya yi tsami."

Ta so ta daure fuska, dariya ta ci ƙarfinta. "Ba Goggo Mero. Ita ba ta cikin masu gwaji, kuma ba ta maida nono."

Ya ba Goggo Mero, ƙanwar Malam, amma idonsa bai bi ƙwaryar ba. A nan tsaye zuciyarsa ta kamu, kuma ya san ta kamu.

Ita wannan doka tana da dalili. A da, duk wanda yake ɗa ko suruki ko ɗan ɗan'uwan shugaba, zaure yake samu ya zauna ya karantar, har da gona da ɗakin kwana, ba mai tambayarsa abin da ya sani. Haka aka ba Atiku, ɗan yayan Malam, zauren fiƙihu. Atiku kuwa gwanin naɗa rawani ne, a nan iliminsa ya tsaya. Ɗalibai suka yi ta zamewa suna komawa wasu garuruwa. Da abin ya ishi Malam, da kansa ya tara dattawan makaranta ya kawo sauyi: duk mai son zaure sai an gwada shi a bainar jama'a, ba a karɓar kyautarsa, kuma babu ɗan'uwan shugaba, na jini ko na aure, da zai riƙe zaure. Atiku dokar ta fara ci, bai kuwa yafe ba.

Ranar gwaji Hammadu ya zauna a tsakiyar malamai, aka yi ta jefo masa tambayoyi yana amsawa a natse. Inda bai sani ba ya ce bai sani ba. Saudatu tana bayan zana da matan da take koya wa karatu, rannan ba su samu darasi ba. Da aka tashi, Malam ya shimfiɗa masa buzu a zauren fiƙihu, wanda shi ne alamar an ɗauki mutum aiki.

Daga nan Goggo Mero ta samu sana'a. Tunda ta sha nono, ta ce ba ta da bakin ƙin aike.

Saƙon Hammadu na farko gajere ne: "Ki ce ma 'yar Malam na gode da korar da tay yi mani."

Amsa ta dawo: "Ki ce ma Modibbo in ya ƙara zuwa da ƙwarya, korar na nan."

Sunan Modibbo, wato malam da Fulatanci, ya bi shi daga ranar. Shi kuma ya sa mata Haske. Da damina ta yi nisa saƙonnin suka daina wasa.

"Haske, in na buɗe littahi ina ganin baƙi, in na ruhe ina ganinki."

"Modibbo, ka bar littahin buɗe, kar a ce ni na lalata malamin makaranta. Amma nima ina tuna ka."

Goggo Mero takan isar da su kalma da kalma, sannan ta ƙara nata: "Ku yi aure ku hutar da ƙahwahuna."

Bayan an yi girbin gero Hammadu ya turo kawunsa neman aure. Malam ya karɓi baƙo da mutunci, ya ba shi fura, ya sallame shi ba tare da amsa ba. Kashegari ya kira Hammadu.

"Ɗana, ba ni da abin ƙi gare ka. Ban damu da rugga kah hito ko birni ba. Amma ka san doka. Ranar da kaz zama surukina, ranar za ka bar zaure."

"Allah shi gahwarta Malam, ai ni an gwada ni."

"An gwada ka. Amma in na lanƙwasa ta don ɗiyata, da wane ido za ni dubi Atiku? Ka zaɓa, ko zaure ko Saudatu. Kuma gaskiya nika gaya maka, zauren nika so ka zaɓa. Ɗalibai sun hwara dawowa saboda kai."

Hammadu ya fita. Zauren nan shi ne abin da ya bar shanun ubansa ya yi yawon karatu dominsa. Ya rasa abin da zai aika wa Saudatu, sai ya yi shiru, shirun kuwa ya ja masa.

Atiku ya ga ƙofa a buɗe. Da ma yana son Saudatu, kuma yanzu da ba shi da zaure babu dokar da ta hana shi. Gidan baffansa ne, yana shiga har tsakar gida. Ya same ta tana wanke alluna.

"Ƙanwata, kin ji labari? Ɗan ruggan ya zaɓi buzu. Cewa yay yi mata na da yawa, zaure ɗaya na."

"Da kunnenka kaj ji?"

"Ya aiko maki da wani saƙo tun rannan?"

Bai kuwa aiko ba. Ta shige ɗaki ta yi kuka mai isarta, don ba ƙaramin so take masa ba. Da Goggo Mero ta zo da saƙo daga baya, Saudatu ta toshe kunne.

"Ki ce mai shi riƙe buzunai. Allah shi ba da sa'a."

Goggo ta kai wa Hammadu, ta kuma zage shi tas. "Kai da Allah yab ba baki gaban malamai, gaban yarinya ka zama kurma?"

Hammadu bai ƙara aika komai ba. Ranar Laraba, da malamai da ɗalibai suka hallara kafin hutun mako, ya shigo da buzunsa a naɗe ya ajiye a gaban Malam.

"Allah shi gahwarta Malam, ga amanarku. Na zaɓa. Ina neman auren Saudatu. Za ni koma ga shanu, in karantar da wanda yab biyo ni."

Wuri ya rikice. Ɗalibai suka ce idan ya tafi su ma tafiya za su yi. Malam Boyi, dattijon da ke bin Malam a girma, ya ce a yi sassauci, doka ai mutane suka yi ta. Atiku ya miƙe daga baya yana gyara rawani.

"In an yi sassauci ga suruki, sai a yi ga ɗa. A maido mani zaurena."

Abin da yake jira ke nan. Ko dai a rasa malamin kirki, ko a koma inda aka fito.

Mahaifin Malam ne ya kafa makarantar nan, Malam kuma yana kan shugabancinta tun kafin a haifi Saudatu. Ya dubi ɗalibai, ya dubi saurayin da ke durƙushe gabansa. Sai ya dafa ƙasa ya tashi, ya sunkuya ya naɗe nasa buzun.

"Boyi, maimaita muna dokag ga."

"Babu ɗan'uwan shugaba da za shi riƙe zaure."

"To ba a taɓa ta ba, kuma ba za a taɓa ta ba. Daga yau ni ba shugaba ba na. In dattawa sun yarda, kai na. Hammadu ba ɗan'uwanka ba na, shi koma zaurenai." Ya juya. "Kai ma Atiku yanzu ba abin da yah hana ka. Ka zo a gwada ka."

Malam Boyi ya fara rantsuwa ba zai karɓa ba, Malam ya ɗaga masa hannu.

"Abu guda nika roƙo. Ban iya zama banza ba. A sa mani ranar gwaji kamar kowa, in na ci a ba ni ɗan zauren can na ƙarshe."

A bayan zana Saudatu ta rufe fuska da mayafi. Murna da tausayin mahaifinta suka haɗu mata.

Atiku bai zo gwaji ba. Ya ce ciwon kai ne, daga baya aka ji ya shiga fataucin goro, inda aka ce ya fi dacewa.

Malam kuwa ya zo. Ya zauna a tsakiya, inda Hammadu ya taɓa zama, mutanen da shi ya koyar suka kewaye shi suna sosa ƙeya. An sa Hammadu cikin masu tambaya, amma Bafulatani ne, ba ya iya haɗa ido da suruki balle ya titsiye shi. Ya sunkuyar da kai har aka tashi. Malam ya ci, ya kuma yi musu faɗa cewa tambayoyinsu sun yi sauƙi.

Da yamma Goggo Mero ta kai saƙo.

"Modibbo, na zarge ka da abin da ba ka yi ba. Ka yahe mani."

"Haske, ni nay yi shiru inda ya kamata in yi magana. Daga yau in na rasa abin hwaɗi, za ni zo in tsaya ƙohwa har ki kore ni."

Aka ɗaura aure bayan sallar Juma'a, sabon shugaba Malam Boyi ne ya yi addu'a. Dangin ango suka taho daga Tozai da saniyar sadaki, matan da Saudatu ke koyarwa suka cika gida da guɗa.

Kafin a kai amarya ta roƙi a biya da ita wurin mahaifinta. Ta same shi a ƙaramin zaurensa na ƙarshen layi, wanda rufinsa ke yoyo, da 'yan ɗalibai sababbin shiga a gabansa. Ta durƙusa, hawaye na zuba.

"Baba, saboda ni kab bar wurin Kaka."

"Saboda ke, da saboda makaranta. Da na riƙe wurin, da na rasa guda cikinku." Ya ɗora hannu a kanta. "Tashi ki tahi ɗakinki, ɗiyata. Allah shi yi maku albarka, shi ba ku zuri'a mai karatu. In sun girma a gwada su."

Mata suka amsa da amin, suka ja ta zuwa gidan mijinta. Malam ya goge idonsa da bakin rawani, ya dubi yaron da ke gabansa ya ce ya ɗauko daga inda suka tsaya.