Garin Gyaɗar Uwar Miji

Rumasa'u na tsakar gida a unguwar Utaibiyya ta Makka tana tsince shinkafa, sai ga mijinta Hassan ya fito daga ɗakin uwarsa da akushi a hannu, ko taɓa shi ba a yi ba.

"Yau ma?" ta ce.

"Yau ma. Kuma ta sake maganar jirgi."

Hassan tela ne, mutumin Madaras ta ƙasar Indiya, ya zo Makka yana saurayi ya zauna, har ya auri 'yar Hausawa. Da yaƙin duniya ya ƙare jiragen ruwa suka dawo, uwarsa Hajiya Hajara ta zo hajji, ta tarar da surukar da ba ita ta zaɓa ba. Magana ɗaya ta kafe a kai: in jirgin Jidda ya tashi, da ɗanta za ta koma, 'yar mutane kuwa ta koma gidan ubanta. Hassan yana son matarsa kamar ransa, amma bai taɓa musa wa uwarsa ba. Abin nan ya hana Rumasa'u sukuni.

"Wai me take ci a can garinku?"

"Garin gyaɗa mai yaji. A barbaɗa kan shinkafa mai zafi, a zuba samin, wato man shanu."

Rumasa'u ta yi dariya. Gyaɗa? Ita da aka haifa a gindin turmin ƙuli-ƙuli! Ta soya, ta daka, ta murza da ruwan zafi har ta tatse man tas, ta toya ƙuli, ta dake shi da barkono. Yaji ya fito rangaɗau, irin na tsire.

Tsohuwa ta ɗanɗana, ta ture kwanon. Da guntun Larabcinta ta ce, "Ina mansa? Kin zare wa gyaɗa rai, kin kawo mini ƙasa!"

Ranar Rumasa'u ta sha kuka. Innarta da ta ji labari ta ce, "Tattaro kayanki ki dawo, ya binti, 'yata. Ba a kan yaji aka haife ki ba!"

"Inna, ki bar ni in ƙara gwadawa."

Da safe ta jawo turmi har bakin ƙofar tsohuwa, ta zuba gyaɗa ta hau kirɓa iya ƙarfinta, irin dakan gidansu. Tsohuwa tana kwance tana ji, tana juyi. Can dai abin ya fi ƙarfinta.

"Khalas, ya isa! Za ki kashe ta!"

Matar da ta kwana biyu ba ta leƙo waje ba, sai ga ta ta warce taɓarya. Ta sa aka soya barkono busasshe da tafarnuwa da wani kayan ƙamshi wai shi kamun, aka ɗan gasa tsamiya, aka fara dake su da gishiri. Gyaɗa ce ta shiga ƙarshe. Ta kama hannun surukarta ta ɗora kan taɓaryar. "A hankali. Da kin ga ta fara naso, tsaya."

Suka ci a akushi ɗaya, tsohuwa har da ƙari. Tun daga ranar, kullum turmin yana bakin ƙofarta.

Da ayarin Jidda ya shirya, Hassan ya durƙusa gaban uwarsa. "Ummi, motoci za su tashi."

Rumasa'u na bayan labule tana saurare.

"Su tashi mana," in ji tsohuwa. "Yarinyar nan har yau gishirinta yawa yake yi. In bar ta a haka, ta lalatar mini da gari?"

Haka ta riƙa faɗa duk shekara in jirgi ya zo, har jikokinta suka isa riƙe taɓarya. Don haka 'yan mata, in gidan miji ya yi zafi kada ku yi saurin naɗe tabarma. Haƙuri da yarda a koya maka, su suka riƙe wa Rumasa'u mijinta, suka ƙara mata da uwa.