Mai Fiton da Aka Daina Amsa wa Sallama

A wani zamani mai nisa, an yi wani mai fito, matsoraci. Wata rana mahara suka ɗora masa wuƙa a wuya, sai ya nuna musu mashigin kogi. Suka shiga gari, suka ƙone rumbuna.

Mutanen gari ba su kore shi ba, sai dai suka daina amsa masa sallama. Ya yi a kasuwa, shiru. Ya yi a bakin rijiya, shiru. Ya yi a ƙofar uwarsa, shiru.

Da damina ta zagayo, kogi ya cika, maharan suka dawo. Suka ce masa, "Haye da mu."

Ya ɗebe su a kwalekwale. Da suka kai tsakiyar ruwa, ya fizge tsumman da yake toshe ɓular kwalekwalen. Kogi ya tafi da su, har da takubbansu.

Mutane suna kan gaɓa, kowa ya riƙe baki. Wani tsoho ya ce, "Wannan matsoracin?"

Da ƙyar mai fito ya fito, sharkaf. Ya tsaya can nesa, ya yi sallama.

Shiru.

Can uwarsa ta amsa. Ta ce, "Taho ka sake riga."